Ƙusa biyu a cikin silin

Jiya na hau cikin silin ɗin gidan da muke shirin saya a jihar Florida ta Amurka, ni da mai duba gini. Zafi ba a magana. Ya haska tocila inda katakon rufi ya zauna a kan bango, ya nuna min wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, wanda ke ɗaure rufi da bango saboda guguwa, ya ce in ƙirga ƙusoshin jikinsa. Biyu na gani. Ya ce aƙalla uku ake so.

Ni a da na ɗauka guguwa ture gida take yi. Ashe ɗaga rufi ne babban aikinta. Iskar da ke wucewa ta sama tsotsar rufin take yi, idan kuma ta fasa taga ko ƙofar gareji ta kutsa, sai ta dinga tura shi daga ciki. Shi ya sa ake ɗaure rufi da bango, bango da harsashi, ba a barin gaɓa ko ɗaya a sake.

Guguwar Andrew ta 1992 ce ta tona asirin ginin ganin ido a kudancin jihar nan, daga baya aka kafa dokar gini ta jiha baki ɗaya a 2002. Gidan nan kuwa ya girmi dokar.

Na sauko gumi sharkaf. Uwargida tana can ƙasa tana yaba fenti, wallahi fentin ya yi kyau. Na dai gaya wa dillali ba zan sa hannu ba sai an ƙara ƙusoshin nan, an kuma sauya ƙofar garejin.