Yinin Asabar a Esslingen, garin Kessler

Yau da hantsi na hau jirgin ƙasa daga Stuttgart zuwa Esslingen, a gaɓar kogin Neckar, domin in ga kamfanin da Georg Christian Kessler ya kafa a 1826, wanda ya fi kowane gidan giyar inabi mai kumfa daɗewa a Jamus. Ni ba na shan giya, rayuwar mutumin ce ta kai ni.

An haife shi a Heilbronn a 1787. Yana ɗan shekara 20 ya tafi birnin Reims na Faransa, ya kama aiki a wurin Madam Clicquot, wadda mijinta ya rasu ya bar mata kasuwancin giyar inabi mai kumfa. Da sannu ya zama abokin tarayyarta, ya auri 'yar garin Sedan a 1819, har aka yi masa alkawarin shi zai gaji kamfanin. Alkawarin bai cika ba, wani Bajamushen, Édouard Werlé, shi ya samu gurbin. A 1825 kuma matarsa ta rasu. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gina dukiyar wani a ƙasar da ba tasa ba, sannan ya rasa mata, ya rasa gadon da ya sa rai, amma bai zauna yana ƙorafi ba. Ya tattara ya koma gida, ya sake aure, ya buɗe nasa, yana ɗan shekara 39.

An sauka da mu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi yake ratsa riga, bango kuma ya yi baƙi ƙirin. Na daɗe a gaban allunan katako masu huji, waɗanda ake soka kwalabe a ciki baki ƙasa. Ana zuba sukari da yis a cikin giyar a rufe kwalba, kumfar ta taru a ciki, daga baya a riƙa juya kowace kwalba kaɗan-kaɗan da hannu har dattin ya gangaro wuya a fitar da shi. Wannan haƙurin ne ya koyo a Reims, kuma a ganina ya fi kuɗin da ya dawo da su daraja.

Kessler ya rasu a Stuttgart a 1842 bayan doguwar jinya. Ba 'ya'yansa suka ci gaba da kamfanin ba, abokan kasuwancinsa ne, musamman iyalin Weiss. Na so a ce mai yi mana jagora ya ƙara magana a kan matar farko, wadda ta rasu da ƙuruciyarta tun kafin a cika kwalba ɗaya da sunan mijinta.