Taron karrama sha'iri yana raye: inda ake yawan yin kuskure

Dokta Mamman Shata ya karɓi digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1988, ya rasu a 1999. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jin ana kiransa Dokta da kunnensa. Masu fasaha da yawa ba su sami haka ba, sai bayan an binne su ake haɗa taro ana karanta maƙala a kansu. Amma shirya wa mai rai taro ya fi wuya, domin yana zaune yana kallo, kuma duk abin da ya lalace a gabansa ya lalace.

Babban abin da ke kashe irin wannan taro shi ne lokaci. Yawanci ana sa shi bayan La'asar, wato daga ƙarfe 4:30 zuwa kiran Magariba, kimanin awa biyu ke nan. A zauna a yi lissafi. Addu'ar buɗewa, gabatar da manyan baƙi, jawabin mai masauki, na shugaban taro, na uban taro, na babban baƙo, sannan tarihin wanda ake karramawa. In kowanne ya ci minti goma, awa ɗaya ta wuce ba a ji ko ɗango ɗaya ba. Sai a miƙa wa sha'iri makirufo ladan na gyara murya, a raɗa masa ya taƙaita. Mutumin da aka taru dominsa ke nan. Gyaran ba wuya: jawabi biyu sun isa, kowanne minti biyar, kuma a sa waƙar mai taron kafin jawabin babban baƙo, ba bayansa ba, saboda da zarar babban baƙo ya tashi rabin zaure na bin sa.

Ita kanta waƙar sai an auna ta. Rubutacciyar waƙar Hausa rera ta ake yi, kuma rerawa ta fi karatu cin lokaci nesa ba kusa ba. Baiti ɗaya na 'yar ƙwar biyar, wato mai ɗango biyar-biyar, in an haɗa da amshi, yakan kai daƙiƙa 30 zuwa 40. Waƙa mai baiti 50 ta doshi rabin awa ke nan. Saboda haka kada a ce wa masu karatu "kowa waƙa ɗaya". A faɗa musu adadin baiti: matasan da za su share fage baiti goma-goma, mai taron kuma a bar masa waƙarsa cikakkiya. Wannan na da dalili. Sha'irin gargajiya yakan buɗe da sunan Allah da salati, ya rufe da addu'a, a baitocin ƙarshe yake faɗin sunansa, wani lokaci har da yawan baitoci da shekarar da ya yi waƙar ta hanyar ramzi, wato haruffan da ke wakiltar lambobi. Wanda aka katse a tsakiya an cire masa sa hannunsa. In dole a rage, a je gidansa kwana biyu kafin taro, shi da kansa ya zaɓi baitocin da za a tsallake.

A wannan ziyarar ce kuma za a tambaye shi wace waƙa yake so a ji. Masu shiri sukan zaɓi wadda ta fi shahara, alhali shi wata ce daban yake ganin ta fi gwada gwanintarsa. In wani ne zai rera masa saboda tsufa ko rashin lafiya, to ya koyi karin daga bakin mai ita. Takarda tana riƙe kalmomi da amsa-amo, ba ta riƙe rauji, kuma waƙa ɗaya tana iya hawa kari biyu. Haka 'yan amshi: mutum biyu ko uku da suka yi gwaji da shi sun fi zaure guda da ke shiga ba daidai ba.

Liƙi karramawa ce, ba a hana shi. Sai dai in mutane suna tasowa a tsakiyar baiti, sanƙira na kiran sunayensu ta lasifika, waƙar ta tarwatse. A ajiye faranti a gaba, a sanar tun farko cewa sai an dire. Alkawarin kuɗi kuwa, wanda ake shelanta shi da tafi, shi ne ya fi barin ɓacin rai, don sau da yawa mai taron yakan koma gida da allon lambar yabo kawai, mutane kuma na zaton ya kwashi dukiya. A naɗa mutum biyu su rubuta kowane alkawari nan take, a kuma ware kuɗin motarsa da na 'yan rakiyarsa daga kasafin taro tun kafin ranar.

Sauran ƙananan abubuwa ne: makirufo a kan sanda don hannunsa ya riƙe takarda, kujera mai jingina, ruwa mara sanyi, janareta nesa da zaure kuma a gwada shi tun da rana. In za a raba kwafin waƙar, a duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito, shi kuma ya karanta kafin a buga. Mata sha'irai a sa su da wuri a jeri, domin su ne suka fi saurin tashi in yamma ta yi.

Ɗaukar murya fa, kada a bar wa wayoyin jama'a. A ja waya daga na'urar haɗa sauti zuwa rikoda, a ajiye rikoda ta biyu kusa da bakin mai waƙar ko da ta farko ta ƙi. A farkon ɗauka wani ya faɗi sunan sha'iri, sunan waƙa, wuri da kwanan wata. A nemi izininsa kafin a ɗora a YouTube ko Facebook, a ba shi nasa kwafin a mako ɗaya. In kuma ya zo da daftarinsa na ajami, a roƙe shi a ɗauki hoton kowane shafi a wurin, a mayar masa da abinsa a hannu kafin ya shiga mota.