Daniyel sura 8: abin da Jibra'ilu ya fassara, da inda masu lissafin ranar ƙarshe suke ɓata hanya

Da zarar yaƙi ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, sai saƙonni su cika wayoyin 'yan'uwa: ga ranar fyaucewa, ga sunan magabcin Almasihu, wani kuma mala'ika ya zo masa a mafarki har da kwanan wata. Mai jagorar nazarin Littafi Mai Tsarki, ko a zumuntar mata ko ta matasa, ba shi da hanyar kauce wa tambayoyin nan. A ganina wurin da ya fi dacewa a soma shi ne Daniyel sura 8, domin a nan mala'ika da bakinsa ya fassara wahayin, tarihi kuma ya nuna yadda ya cika.

A karanta ayoyin 27 duka da murya kafin kowa ya ce uffan. Sannan a raba surar biyu: aya 1 zuwa 14 abin da Daniyel ya gani ne a bakin kogin Ulai, wato wahayin rago da bunsuru, aya 15 zuwa 26 kuma fassararsa. Kuskuren farko shi ne tsayawa a rabin farko, kowa ya shiga cankar wace ƙasa ce rago, wace ce bunsuru. Ai ba a bar wurin canka ba. Jibra'ilu, wanda a nan ne aka fara kiran sunansa cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce ragon mai ƙaho biyu sarakunan Mediya da Farisa ne, bunsurun sarkin Girka ne, babban ƙahon da ke tsakanin idanunsa kuma sarkinsu na fari.

Sai a ɗora tarihi a kai, shekarun nan duka kafin haihuwar Almasihu ne. Alekzanda, wato babban ƙahon nan, ya ƙetara zuwa Asiya a 334, ya murƙushe Dariyus na Uku, sarkin Farisa, a Gaugamela a 331. Saurinsa ne aya 5 take nunawa, bunsurun da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya mutu a Babila a 323 yana ɗan shekara 32, a tsakiyar ƙarfinsa, daularsa ta rabu hannun magadansa Kasanda, Lisimakus, Selukus da Tolemi: ƙahoni huɗun da suka fito a madadin babban ƙahon ke nan. Daga zuriyar Selukus Antiyokus na Huɗu ya fito, wato ƙaramin ƙahon da ke cikin wahayin. A 167 ya hana hadayar yau da kullum a Urushalima, ya ƙazantar da Haikali, sai a 164 Yahuza Makabi, jagoran tawayen Yahudawa, ya tsarkake shi. Masu bi da yawa suna ganin Antiyokus hoto ne na wani maƙiyi mafi muni da zai zo, tun da aya 17 ta ambaci lokacin ƙarshe. Wannan fahimta tana da tushe, amma ba ta ba kowa kwanan wata ba.

Aya 14 ce mahaɗar rikicin: maraice da safiya 2,300. Masana sun kasu biyu. Wasu sun ce kwana 2,300 ne, wajen shekara shida da wata huɗu. Wasu sun ce hadayu ake ƙirgawa, tun da Fitowa 29:38-39 ta umarta a miƙa 'yan raguna biyu kowace rana, ɗaya da safe ɗaya da maraice, wato kwana 1,150. Ko wanne aka ɗauka, tambayar da ke aya 13 a kan hadayar da aka hana ce da Wuri Mai Tsarki da aka tattake.

Wiliyam Mila, manomi mai wa'azi a Amurka, ya bi wata hanya dabam. Ya mai da kowace rana shekara, yana jingina da Ƙidaya 14:34 da Ezekiyel 4:6. Ya soma ƙirga daga 457 kafin haihuwar Almasihu, shekarar da ya ɗauka sarki Artashate ya ba Ezra izinin komawa Urushalima. Ya kuma ce Wuri Mai Tsarkin duniya ce da za a tsarkake da wuta. Cire 457 daga 2,300, sai 1843 ta fito. Da aka tuna babu shekara ta sifiri, ta koma 1844. Mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844, wasunsu suka bar amfanin gona bai girbu ba. Ranar ta zo ta wuce. Lissafin kansa daidai yake, zato ukun da aka gina shi a kai ne ba sa cikin surar: ba a ce rana shekara ce a nan ba, ba a ambaci 457 ba, ba a kuma kira duniya Haikali ba. Harol Kamfin, mai wa'azin rediyo a Kalifoniya, ya sake faɗawa ramin da 21 ga Mayu 2011, ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba, a 2012 ya amsa cewa ya yi kuskure. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya fi taɓa ni a surar shi ne, wanda ya yi tambayar "har yaushe" a aya 13 ba Daniyel ba ne, wani mai tsarki ne, wato mala'ika, yake tambayar ɗan'uwansa. Mala'iku ma tambaya suke yi. Ba wai ba su da ƙarfi ba: guda ɗaya ya kashe mayaƙan Assuriya 185,000 a dare ɗaya bisa ga 2 Sarakuna 19:35, Daniyel ma da Jibra'ilu ya matso kusa da shi, rubda ciki ya fāɗi don tsoro. Duk da haka Yesu ya ce a Matiyu 24:36 ko mala'ikun sama ba su san ranar ko sa'ar ba. Serafim da Ishaya ya gani, cikin fikafikansu shida, biyu na rufe fuska ne a gaban Ubangiji. Mala'ika kamar ɗan aiken sarki yake, ba ya wuce abin da aka ba shi ya faɗa. Girman na wanda ya aiko shi ne, wanda ya yi wa Antiyokus iyaka da ƙidayar kwanaki, ya kuma ce za a karya shi ba da hannun mutum ba.

Saboda haka idan wani ya ce mala'ika ya ba shi saƙo, kada a yi masa dariya, kada kuma a yi saurin cewa amin. A auna. In saƙon ya zo da kwanan wata, Matiyu 24:36 ta riga ta kashe maganar. In ya saɓa wa bishara, Galatiyawa 1:8 ta ce ko mala'ika daga sama ne kada a karɓa. In yana jan mutane su riƙa kiran sunayen mala'iku a addu'a, a buɗe Ru'ya ta Yohanna 22:8-9, inda mala'ikan ya hana Yohanna yi masa sujada, ya ce shi ma abokin bauta ne. Wanda kuwa ya taɓa faɗar rana ta wuce ba abin da ya faru, Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa.

Kada a rufe taron ba a karanta aya 27 ba. Daniyel ya yi kwanaki yana ciwo, ya ce bai gane wahayin ba, sannan ya tashi ya koma aikin sarki. In akwai wanda yake shirin barin noman bana ko cire yara daga makaranta saboda wata rana da ya ji, sai dattawa biyu su same shi a gida, su karanta masa ayar nan tare da 2 Tasalonikawa 3:10-12.