Gadar Kaduna

Ranar Asabar na tsallaka gada na je Sabon Tasha gaisuwar rasuwa. Mijin tsohuwar maƙwabciyarmu ne ya rasu. Kirista ce, a gida ɗaya muka yi haya da su a Tudun Wada tun ina ƙarami. Tana ganina ta ce, "Ɗana, kai ne ka yi furfura haka?" Har ta tambaye ni ciwon ƙafar Hajiya.

Yaran yanzu ba za su gane ba. Kafin rikicin shari'a na watan Fabrairun 2000, a cakuɗe ake zaune a garin nan. Ranar sallah mu kai musu tuwo da nama, ranar Kirsimeti kwanon shinkafarsu ya shigo ɗakinmu, kuma Babanmu ake kira ya yanka musu kajin don kowa ya ci hankali kwance. Bayan 2000, ga kuma na 2002, kowa ya kwashe kayansa ya bi nasa. Musulmi suka taru a arewacin kogi, Kiristoci suka koma kudu.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka saba da hakan. Ka je neman haya, kafin dillali ya tambayi sana'arka sai ya tambayi sunanka. Masu kuɗi kuwa suna can a GRA katanga da katanga, ba mai tambayar wani inda yake ibada. Talakan da ya yi asarar ɗaki da jari shi aka raba.

Allah Ya ba ta haƙurin rashi. Hajiya ta ce lallai in kai ta Juma'a mai zuwa.