Layin jirage a saman Landan

Mu da muka tashi a Palladan ta Zariya, ƙarar jirgi ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964 tana nan kan hanyar Samaru, tun muna yara muke ganin ƙananan jiragen ɗalibai suna tashi, su zaga, su sauka, su sake tashi. Kakata takan ce masu jirgin nan dai ba su da wurin zuwa. Ni ma sai da na tafi Ingila barkar haihuwar ƙanwata na ɗanɗana zagayen.

Na bar Zariya bayan sallar asuba, na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, na kwana a Abuja. Rabin jakata kuka ce da yaji, saƙon Inna. Awa shidan da muka yi a sama ba su da labari, gyangyaɗi ne da shayi mai sanyi.

Da muka kusa Landan aka ce kowa ya ɗaura bel. Sai jirgin ya karkata. Ranar da ke shigowa ta tagar dama ta koma ta hagu, can kuma ta dawo. A ɗan allon da ke gabana, layin hanyarmu ya fara zana wani dogon zobe yana maimaitawa. A zagaye na uku na leƙa, sai ga wani jirgi a ƙarƙashinmu, har rubutun jikinsa ina gani. Gabana ya faɗi, na fara salati a bayyane.

Dattijon da ke kusa da ni, wanda muka gaisa tun a Abuja muka gane duk Zazzagawa ne, ya dafa hannuna. Ashe ya yi ritaya ne daga aikin bai wa jirage hanya, kuma a kwalejin garinmu ya koyo.

"Malam, kwantar da hankalinka. Layi muke bi."

"Layi, Baba? A sama?"

Ya ce filin Heathrow da za mu sauka titin jirgi biyu kacal gare shi, yawanci ɗaya na sauka ɗaya na tashi, alhali jiragen da ke shige da fice a rana sun kai kusan 1,300. Don haka akwai wuraren jira huɗu a sararin samaniya: Bovingdon da Lambourne ta arewa, Ockham da Biggin Hill ta kudu. A kowane ɗaya ana jera jirage wani bisa wani kamar kwanukan jeren amarya, ƙafa 1,000 tsakaninsu, na ƙasa yana wajen ƙafa 7,000. In aka zare na ƙasan ya nufi titi, kowa sai ya sauko mataki guda. Zagaye ɗaya kamar minti huɗu ne. Masu wannan tsarin ma ba a hasumiyar filin suke ba, suna can Swanwick kusa da Southampton, a ɗaki suna kallon na'urar rada mai nuna inda kowane jirgi yake.

Ni da na saba da layin injin niƙa, inda kwanon da ya riga zuwa shi ake fara zubawa, na ɗauka nan ma haka ne. Baba ya girgiza kai. Babban jirgi yana barin guguwar iska a bayansa, irin wadda tirela ke watsa wa ɗan acaɓa a hanyar Kano. Ƙaramin jirgin da ya biyo katafaren jirgi irin A380 dole a ba shi tazara mai yawa, in ba haka ba iskar ta wuntsila shi. Gwanintar mai aikin ita ce ya jera su yadda ba za a yi asarar fili ba, ko da wani ya ɗan tsallake wani. Tun 2015 ma da lokaci suke auna tazarar maimakon nisa, saboda iskar da ke bugo jirgi ta gaba tana rage masa gudu.

"To idan mai ya kusa ƙarewa fa, Baba?"

"Ai da guzurinsa suke tasowa. In abin ya matsa, matuƙi ya faɗa, a buɗe masa hanya."

Bayan kamar minti ashirin muka miƙe, muka sauka lafiya. Da na fito wajen magariba na waiwaya, sai ga fitilun jirage a jere har ƙarshen gani, kamar 'ya'yan carbi.

Mako uku na yi na dawo. Ran nan da la'asar ina zaune ƙofar gida wani ƙaramin jirgi ya gifta, ya zago, ya sake giftawa. Ɗana ya tambaye ni ina za shi. Na ciro waya na fara duba masa minti nawa yake yi kafin ya dawo.