Godiya ga matan ƙungiyarmu, bayan ruwan Alau

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Daren jiya muka kwana a ɗakinmu na Gwange a Maiduguri, karon farko tun ranar Talata 10 ga Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ambaliya ta ci gari. Har yanzu shatin ruwa na nan a jikin bango, ya wuce kafaɗata, kuma in an rufe ƙofa ana jin ɗan warin danshi duk da turaren wutar da na kunna. Amma ɗakinmu ne, alhamdu lillahi. Da na idar da sallar asuba sai na kasa tashi daga kan darduma, ina ta tuno fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Shi ne na ce yau kam sai na fitar da abin da ke raina, ko da waɗanda zan yi magana a kansu za su yi mini faɗa.

Sun hana ni kiran suna. Uwar adashinmu ta ja mini kunne tun muna Bulunkutu, ta ce, "Ƙanwata, ki yi mana addu'a kawai, kada ki rage mana lada." Na ɗauki alkawari kuma zan cika. Kowace za ta gane kanta.

Ga wanda bai san mu ba, mu 24 ne. Adashi ya fara haɗa mu shekara 6 da suka wuce, zubi duk Asabar, daga baya muka ƙara ɗan kuɗin asusu saboda haihuwa da jinya da rasuwa. Da kuɗin asusun muka sayi manyan tukwane 4, da kuloli da tabarmi, waɗanda ake ara wa duk wadda biki ko suna ya taso mata. A cikinmu akwai Kanuri, akwai Shuwa, akwai Babur da Margi da 'yan Gwoza, akwai irina da aure ya kawo daga Haɗeja. Akwai Musulmi akwai Kirista. Hausa ce ke haɗa mu hira. Gaskiyar magana, kafin bana ni ɗaukar ƙungiyar anko da gudummawa nake yi mata. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana rufin asirina da na 'ya'yana zai rataya a wuyanta ba.

Kwanaki kafin abin ya faru ana ta zancen madatsar Alau ta cika ta batse, kogin Ngadda yana ta hawa. Iya, mahaifiyar maigidana, ta ga ambaliyar 1994 da idonta, kuma tun ranar Lahadi take cewa ruwan nan bai yi mata kama da na kullum ba. Maigidan direba ne, daren ranar a Potiskum ya kwana. Tsakar dare muka ji ihu a layi, kafin in goya ƙaramin in tashi sauran ukun ruwa ya shigo tsakar gida. Daga ni sai kayan jikina da waya. Maƙwabcinmu mai bene ya buɗe wa duk layin ƙofa, samarin unguwa suka ɗauki Iya a kan kujera suka hau da ita. A can muka wuni muka sake kwana, muna kallon kwanon gidajenmu kamar tsibirai, har Allah ya kawo masu kwalekwale da motar sojoji suka fitar da mu. Su ma ina yi musu godiya, duk da ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Allah ya san su.

Abin da ya sami gari kowa ya ji. Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa, gidan zu, har maƙabartar Gwange ruwa bai bari ba. Gari ya rabu biyu, na wannan ƙetare ba ya iya zuwa wancan. Abin da ba a ji a rediyo ba shi ne abin da ya faru a wani tsakar gida a Bulunkutu, inda ruwa bai kai ba.

Uwar adashi ta ɗauko littafin zubi, wannan mai jan bango da muke gani duk Asabar, ta zauna tana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka samu a waya sai ta yi mata alama. Wadda ba a samu ba sai a nemi mijinta, ko ƙaninta, ko maƙwabciyarta, a saka cigiya a zauren WhatsApp. Wayoyi sun mutu, layi ba ya shiga, amma ba ta rufe littafin nan ba sai da kowane suna ya sami alama. Nawa ne na biyun ƙarshe. An faɗa mini ɗanta ya zaga da Keke Napep har sau uku wuraren da ake sauke mutane, yana tambayar mace mai yara huɗu da tsohuwa. Da ya gan mu a bakin titi, zaune a kan kwali, cewa ya yi, "Anti, ku taso, Mama ta ce kada in dawo sai da ku." Hajiya, wannan kalma ba za ta fita daga kunnena ba har in koma ga Allah.

Mu 9 ne ruwa ya raba da gidajenmu. Sauran 15 suka raba mu a tsakaninsu, babu wadda ta kwana a waje daga ranar Alhamis.

Wadda ta ɗauke ni ɗaki biyu ne da ita da falo. Mu shida muka sauka a kanta, daga baya maigidana ya zama na bakwai. Ta kwashe kayanta daga uwar ɗaki ta ba Iya gadonta, mijinta ya koma kwana a shagonsa tare da nawa. Sati 9 muka yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na san ba wadata ce ta yi mata yawa ba, ga tsadar abinci, ga man fetur da ya ƙara tashi a farkon watan. Amma ko sau ɗaya ban ga canji a fuskarta ba. Daren farko, da na ɗaga matashi zan kwantar da yaro, sai na tarar da baƙar leda a ƙarƙashi: sabulu, man shafawa, audugar mata, ɗan kamfai sabo, da ɗankwali. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba a saman bene. Yaya, kin san abin da mace ba ta iya buɗe baki ta roƙa, kin kuma ba ni shi ba tare da kin sa na sunkuyar da kai ba. Allah ya suturta ki duniya da lahira.

Sai 'yar'uwarmu ta Gwoza. Ita ta taɓa ɗanɗanar wannan rayuwa, don a 2014 da ƙafa ta baro garinsu, ta yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi kafin Allah ya buɗa mata. Da aka sake buɗe sansanin saboda mutanen ambaliya, ita ce ta fara cewa a je. Ranar da aka zauna shawarar yadda za a yi da kuɗin asusu, wasu na cewa a raba wa mu tara mu rage zafi, sai ta ce, "Ku ji ni da kyau. Kuɗi a hannun wanda ba shi da murhu ba abinci ba ne. A dafa. Kuma a haɗa da buta da zani, na san abin da na rasa a satina na farko." Da maganarta aka yi aiki. Tukwanen bikinmu suka hau wuta tun da asuba, shinkafa da wake yau, gobe burabusko da miyar kuka, kunun gyaɗa kullum saboda yara da masu jego. Aka raba aiki: masu tsintar wake, masu wanke-wanke, masu ƙulla abinci a leda, masu bin keke su kai Bakassi da makarantun da mutane suka fake. Da asusu ya ƙare sai wannan ta kawo kwanon gero, waccan ta kawo itace, wata ta sayar da tunkiyarta. Kwana 19 wutar nan ba ta mutu ba, kuma yawancin waɗanda suka ci ba su ma san da wata ƙungiya ba.

Na lura da ita ranar da muka shiga sansanin tare. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta gyara lafayarta ta ɗauki kula ta wuce gaba. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya koma da ƙafarsa inda ya sha wuya don ya share wa wani hawaye.

Mama nas, wadda ta yi ritaya, ke ma dole in tsaya a kanki. Maganin hawan jinin Iya ya tafi da ruwa, katin asibitinta ma haka. Kika zo da abin awonki a jaka, kika auna ta, kika tuno mata sunan maganin daga kwatancen ƙwayar, kika saya da kuɗinki. Duk ranar Lahadi daga coci gidanmu kike wucewa kafin ki je naki. Ke kika tsaya kai da fata sai an tafasa ruwan sha, sai an wanke hannu da sabulu kafin a taɓa tukunya, kika koya wa 'yan matanmu haɗa ruwan gishiri da sukari. Lokacin wasu na ganin kin cika tsanani. Da aka sanar da ɓarkewar kwalara a farkon Oktoba kowa ya gane. Iya har yau in ta idar da salla sai ta sa ki a addu'a, tana cewa "'yata nas".

Akwai wadda na fi jin nauyin rubutawa a kanta. Bara mun sami saɓani da ita a kan ɗinkin anko, maganganu marasa daɗi suka shiga tsakani, muka yi kusan shekara gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ita ma sama-sama. Ranar da ruwa ya janye muka je duba gida, na buɗe ƙofa na ga laka har gwiwa, katifu sun ruɓe, buhun masara ya tsiro, ga wari, ga tsoron macizai don kowa ya ji labarin dabbobin gidan zu da ruwa ya fitar. Na tsaya na rasa ta inda zan fara. Sai na ji sallama a bayana. Ita ce, da shebur a kafaɗa da bokiti biyu, ta ɗaure zani a ƙugu, ta zo da mata biyar. Ba ta tayar da tsohon zance ba. Cewa kawai ta yi, "Matsa mini, Maman yara, ke ki fitar da abin da zai moru."

Kwana uku suna kwasar laka. Na ga tafin hannunta ya yi kanta ya fashe, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Ita ta tono keken ɗinkina Butterfly daga ƙarƙashin durowar da ta faɗi, ya yi jawur da tsatsa. Ni na riga na sallama shi. Ta ɗauke shi zuwa gidanta, ta kwance shi, ta jiƙa ƙarafan a kananzir, ta bi su da buroshi ɗaya bayan ɗaya, ta sa mai, ta kira mai gyara ya daidaita shi. Bayan sati biyu ta aiko mini da shi da ƙyalle a ƙarƙashin allura, an yi layin ɗinki ɗaya a kai, miƙaƙƙe, don in ga yana aiki. Da keken nan nake ciyar da yara in maigida yana hanya. 'Yar'uwa, na nemi gafararki a ɗaki, yau ina sake nema a bainar jama'a. Ki yafe mini.

Malamarmu ta kwashi takardun haihuwar yara da sakamakon makarantarsu, ta ɓanɓare su a hankali, ta shanya a inuwa, ta goge su da dutsen guga a tsakanin ƙyalle. Uku sun tsira. Wadda kwasar adashi ta faɗo kanta a Oktoba, tana tsaka da shirin aurar da 'yarta, ta ce a ba ni, ita ta jira. Da shi muka yi yaɓen bangon da ya zube, muka sayi katifa biyu. Sannan ƙungiya ta ɗage mana zubi mu tara har wata biyu, sauran suka cike gurbin. Allah ya sa albarka a auren nan, ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Ɗinkin amarya kuma nawa ne, kada ma a yi musu da ni.

Ba dukanmu muka fita lafiya ba. Ɗaya daga cikinmu ta rasa mahaifiyarta a daren, kuma ko a zaman makoki matan nan ne suka riƙe gidan da aka sauke ta har aka yi bakwai. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan duk waɗanda ruwan nan ya yi ajalinsu, ya ba iyalansu haƙuri. Waɗanda suka yi asarar dukiya Allah ya mayar musu da mafi alheri.

Mazajenku da suka bar ku kuka fita tun safe har magariba, da 'ya'yanku da suka matsa wa namu wurin kwana, a isar musu da gaisuwata. Allah ya raya muku zuriya, ya sa ku gama da duniya lafiya, kada ya nuna muku rana irin wadda muka gani.

Har yanzu biyu daga cikinmu ba su koma ba, ɗakunansu sun rushe gaba ɗaya, ga sanyi ya fara shigowa. Ranar Alhamis za a je kwasar ƙasa a gidan ta Fori, na sa sunana, wadda ke da shebur ko baro ta taho da shi. Mai bargo ko rigar sanyin yara da ba ta amfani da su ta kai gidan uwar adashi. Yaran gidaje taran nan da kayan makarantarsu suka lalace a kawo mini awonsu, yadi kawai za a saya.

Taron Asabar mai zuwa a gidana za a yi in Allah ya kai mu, tabarma ce dai babu kujeru tukuna. Kuma akwai wani zani shuɗi mai zanen ganye da aka lulluɓa wa ƙaramin ɗana ranar da aka ɗauko mu daga bakin titi. Na tambayi kowa an ce ba a san mai shi ba. Na wanke na goge, yana nan a ajiye.