Yadda nake buɗe darasin auna fahimta

A shekarun da na yi ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandare, na lura cewa mintuna biyar na farko su ne ke nuna yadda darasin auna fahimta zai kasance. Idan malami ya shigo ya ce a buɗe littafi kawai, yara sukan karanta da baki, hankalinsu kuwa yana wani wuri.

A makon jiya, kafin mu karanta labarin rijiyar Kusugu ta Daura, na hana kowa buɗe littafi, na tambaye su yadda mutanen gari za su rayu idan ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Nan take muhawara ta kaure, domin yawancinsu sun san wahalar ruwa a unguwanninsu, har wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce dole a sami jarumin da zai tunkari abin da ya tare rijiyar. Na rubuta hasashensu a allo, suka shiga karatu kowa yana neman hujjar da za ta tabbatar da nasa. Da muka iso inda Bayajidda ya kashe macijiyar, su da kansu suka fara tambayata dalilin da ya sa mutanen Daura suka daɗe suna haƙuri da ita.